700D ko D5300? Ɗauki Canon, ƙanena

Ƙanena mai tambaya tsakanin Canon 700D da Nikon D5300 na hannu don aikin biki, na ga tun jiya an mayar da tambayarka filin kokowa, kowa ya ɗaura warki yana kare kamfaninsa. Ni dai 700D za ka ɗauka, kuma ga dalilina.

Tawa ta daɗe a wuyana. Akwai ranar da na je ɗaukar wani biki a Tibiri, ana daf da fito da amarya batir ya mutu, na biyun kuma na baro shi a jikin caja a gida. Zufa ta karyo mini. Can na hango wani dattijon mai hoto da tsohuwar 600D, ban taɓa ganinsa ba. Na matsa na gaishe shi, ko ƙarasa bayani ban yi ba ya zaro batir daga aljihun riga ya miƙo mini, ya ce in na gama in same shi wajen mai shayi. Batir ɗaya ne, LP-E8, tun daga 550D har 700D. Wannan abin ba ya cikin takardar da ke zuwa a kwali, amma shi ya fitar da ni kunya ranar. Yawancin waɗanda muke haɗuwa da su wurin suna da walima Canon ke hannunsu, don haka aron batir, caja ko gilashi (wato lens, idon kyamara) ba ya wuya. Kuma duk gilashin Canon samfurin EF, tun wanda aka ƙera a 1987, kana ɗaura shi zai saita hoto ya fito tar da kansa. Allon 700D yana juyawa, yana kuma jin yatsa. Ranar hawan sallah a ƙofar fada, in mutane suka yi maka katanga, ɗaga ta kake sama da kawuna, ka karkato allon, ka taɓa kan dokin da kake so.

D5300 kuwa, to, kyamara ce. Megafiksel 24 gare ta, 700D na da 18, tana da Wi-Fi, kuma a wuri mai duhu hotonta ya fi tsabta. Shekara ɗaya suka fito, 2013. Na taɓa riƙe ta wata biyu na sayar da asara, amma laifina ne da na wanda ya haɗa ni da ita: ya ɗora mini gilashin 50mm f/1.8D ya rantse komai daidai, alhali ita ba ta da injin da ke juya irin wannan gilashi a jikinta, sai gilashin AF-S ko AF-P masu nasu injin. Na wuni ina murzawa da hannu kamar mai neman tasha a rediyo.

Da ka ga na lissafa inda Nikon ta fi, kada ka ɗauka da sauƙi ya fito daga bakina. Kwanaki na saka hoton wani zaman dare a nan, wani ɗan Nikon ya ce fuskokin sun yi tsaki-tsaki kamar an watsa musu gero, wai iyakar ƙarfin 700D ke nan. Na ji kamar gidanmu ya zaga. Na ba shi amsa mai zafi, na yi mako ban leƙo ba. Daga baya na buɗe hoton a kwamfuta na ƙara girmansa, wallahi geron na nan. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, na kai 3200 saboda rowar sayen filasha. Na saya, tsakin ya ragu, mutumin nan kuma har yau ban ba shi haƙuri ba, in yana karantawa ya karɓa. Abin dariyar, mu muna nan muna ɓata da juna kan waɗannan biyun, su kamfanonin tun 2018 suka karkata ga sabbin kyamarori marasa madubi a ciki, Canon da R, Nikon da Z.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, masu sayarwa. Kowace kyamarar hannu labarinta ɗaya ne: daga Faransa ta zo, wata baturiya ce ta ɗan taɓa ta. Kada ka tura ko dala kafin ka riƙe ta a hannunka, ko mai ita a Kano yake ko a Yamai. Je da katinka na ajiye hotuna. Cire gilashin, haska shi da fitilar waya, in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, ajiye. Mayar da shi, matse ƙofar haskensa zuwa f/22, ɗauki farin bango, duk ƙurar hunturun da ta kwanta a ciki za ta fito ɗigo-ɗigo. Juya allon ta kowane ɓangare, don wayar da ke gwiwarsa ce ke fara gajiya. Adadin hotunan da ta ɗauka kuma kada ka yarda da lambar da ke jikin sunan hoto, ana mayar da ita baya cikin daƙiƙa. A Nikon adadin na cikin bayanan hoton, a 700D sai an jona ta da kwamfuta, to a jona a gabanka. In kuma aka nuna maka Rebel T5i aka ce ta fi 700D aka ƙara kuɗi, kyamara ɗaya ce, sunanta ke nan a Amurka.

Ɗauki 700D da gilashinta na 18-55. Canjin da ya rage ka sa a batir na biyu da filasha, daga baya ka ƙara 50mm f/1.8 STM don hoton amarya. Ranar da za ka je dubawa yi mini magana, in ba ni da aiki mu tafi tare, kwamfutar tana wurina.