Chrome da Firefox: ina kowacce ke ɓoye kash da kukis?

Ɗan'uwanmu mai shagon buga takardu a Garwa ya ce kwamfutarsa ta cika, an gaya masa burauza ce ke tara fayiloli, ya duba ko'ina bai gan su ba. Chrome da Firefox duka yana da su. Fayilolin da ake nufi su ne kash, wato kwafin hotuna da shafukan da aka buɗe a intanet, da kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa don su gane mai shiga.

Malam, su biyun a foldar AppData suke ajiya, ita kuwa Windows ɓoye ta yake yi. Tunda galibin kwamfutocinmu a nan da Faransanci suke, buɗe Explorateur de fichiers, shiga Affichage ka sa alama a Éléments masqués. Mafi sauƙi ma, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta %localappdata%.

Chrome ta tara kayanta wuri ɗaya, a Google\Chrome\User Data\Default. Kash na cikin Cache\Cache_Data, kukis kuma fayil guda ne mai suna Cookies a foldar Network. Tun sigar Chrome ta 96 aka mayar da shi can, shi ya sa tsohon bayani ke ɓatar da mutane. Firefox kuwa ta raba su gida biyu: kash a Mozilla\Firefox\Profiles, cikin cache2, amma kukis sai ka koma %appdata% ka nemi cookies.sqlite. Idan ka rikice, rubuta chrome://version ko about:profiles a wurin adireshi, kowacce za ta nuna maka inda take ajiya.

Kada ka sa ran ganin hotuna in ka buɗe kash. A Chrome sunaye irin su data_1 da f_00001a za ka tarar, a Firefox kuma dogayen jerin lambobi da haruffa. Nan ne nauyin yake. Kukis ba su da wani girma, share su ba zai ƙara maka fili ba, sai dai ya fitar da kai daga Gmail da Facebook.

A shago irin naka ni kukis ɗin ne suka fi damuna. Su ne shaidar cewa mutum ya riga ya shiga asusunsa. Chrome tana kulle abin da ke cikinsu da asusun Windows na kwamfutar, Firefox kuwa a buɗe take barin cookies.sqlite. Wanda ya kwafe shi a filashi zai iya shiga asusun kwastomanka ba tare da kalmar sirri ba, muddin bai fita ba kafin ya tashi. Idan kwastomomi na zama a kan na'urar, je saitin Firefox ka sa ta riƙa share kukis duk lokacin da aka rufe ta.

Sharewa da hannu ban ba ka shawara ba, musamman burauza na buɗe. Maimakon haka, a cikin burauzar danna Ctrl, Maj da Suppr tare, ka zaɓi kash kaɗai. Ka dai sani shafuka za su sake sauko da hotunansu daga farko, datarka ta Orange ko MTN za ta ɗan ji jiki kwana ɗaya ko biyu.