Kafin ka sayi ko boris ɗaya: yadda za ka zaɓi kayan teburin yankan ƙarfe na plasma

Tun da ƙofofi da tagogi masu zanen fure a jikin farantin ƙarfe suka zama yayi, masu walda da yawa sun gaji da loda faranti a a-kori-kura zuwa wajen mai injin yanka, a bi layi, a biya, a dawo shago a tarar awon bai yi daidai ba. Duk wanda ya leƙo shagona ya ga teburina yana bin zane da kansa, tambayarsa ɗaya ce: "Maigida, nawa zan kashe?" Ba na faɗin kuɗi, domin kusan duk kayan da dala ake sayo su. Abin da nake faɗa shi ne da me za a fara.

Mu masu walda da ƙafafun tebur muke farawa, don su muka iya. A je Ƙofar Ruwa ko Panteka a ɗebo bututu, kwana uku an tayar da firam. To firam shi ne na ƙarshe. Injin plasma, wanda ke yanka ƙarfe da wutar lantarki da iska mai matsi, shi ne na farko, shi zai nuna maka irin na'urar sarrafawa, girman kwamfiresa da janaretan da za ka nema.

A injin ma, kafin ka tambayi amfiya nawa ne, tambayi yadda yake kunna wutarsa. Akwai mai HF, wanda ke harba tartsatsi na dubban volt a duk lokacin da zai fara yanka. Akwai kuma wanda a kasuwa ake kira blowback: ilektirod na manne da nozul a cikin kan yanka, iska ta turo ta raba su, tartsatsi ya tashi a nan ciki ba tare da wancan harbin ba. A yankan hannu bambancin bai dami kowa ba. A tebur mai kwamfuta kuwa, a nan ake yin ta.

Ni da mai HF na fara, wani ja mai rubutun CUT-50 a gefe, saboda araha. Ranar da na ɗora shi a tebur, yana kunna wuta sai allon kwamfuta ya daskare, motocin lantarkin da ke tura kan yanka suka yi tsalle kamar an tsikare su. Na canza wayoyi zuwa masu rigar ƙarfe, na kafa sandar tagulla a ƙasa, na mayar da kwamfutar bayan bango. Ya lafa kwana biyu ya dawo. A mako na uku, ana tsakiyar furen ƙofar wani Alhaji a faranti mai kaurin milimita 3, kan yanka ya saki layi ya ratsa zanen a karkace tun daga sama har ƙasa. Na biya faranti, na sayi allon sarrafawa har sau biyu. Arahar ke nan.

Wanda nake aiki da shi yanzu, kuma wanda zan nuna wa ɗan'uwana na jini, shi ne Powermax45 XP na kamfanin Hypertherm da ke jihar New Hampshire a Amurka. Amfiya 45 ne kawai, amma 45 ɗin gaskiya. Yana yanka milimita 16 cikin kwanciyar hankali, yana huda 12 daga tsakiyar faranti, alhali yawancin aikin ƙofa da taga bai wuce milimita 2 zuwa 6 ba. An auna juriyarsa a zafin digiri 40, minti biyar na yanka a cikin kowane goma a cikakken ƙarfi, kuma wanda ya san rumfar kwano a watan Afrilu ya san amfanin wannan awo. Ka nemi samfurin da ke da soket ɗin CPC a baya: ta nan tebur ke ba shi umarnin kunnawa, ta nan yake sanar da cewa wuta ta kama, ta nan kuma yake fitar da ƙarfin wutar yankan a rage, kashi ɗaya cikin 50, ba sai ka buɗe cikinsa kana laluben waya ba.

Abin da ya fi burge ni ma littafinsa ne. Kowane kaurin ƙarfe an rubuta masa gudu, da tsayin huda, da daƙiƙun jira. Ka saita tazarar yanka milimita 1.5, ta huda 3.8, ka kwafi sauran daga jadawali, yankan farko ya fito da baki mai santsi, dattin ƙasan da ɗan ƙwanƙwasawa yake zubewa. Yaron shagona da a da yake wuni da giranda yanzu fenti yake koyo. Yana da tsada, ban musa ba. Ko na hannu, wato wanda aka taɓa aiki da shi, ka samu mai lafiya, ɗauka.

Sauran? PrimeWeld CUT60 da Razorweld 45 ba masu HF ba ne, za su yi maka aiki idan aljihu ya gaza, sai dai lissafin gudu da kanka za ka yi ta gwadawa. Manyan injinan LGK masu kan yanka P80 na masu yanka da hannu ne, a bar musu.

Iska da wuta kuma kada ka raina su. Injin nan yana shan kusan lita 190 a minti a matsin bar 6, ƙaramin kwamfiresan fenti ba zai riƙe shi ba. Iskar kuma ta zama busasshiya. Da damina ruwan da ke taruwa a tanki shi ke cinye nozul, don haka sa matatar ruwa biyu, ka riƙa zubar da na tankin kullum. Idan da janareta za ka yi aiki, injin kaɗai yana son kilowat 10, ban da kwamfiresa.

Wajen na'urar sarrafawa, manhajar Mach3 ta tsufa, da tsohuwar kwamfuta mai soket ɗin firinta aka gina ta. Manhajar GRBL a kan ƙaramin allon Arduino ta koyo ce. LinuxCNC da katin Mesa 7i96S kyauta ce manhajar kuma ta ƙware, in kana da haƙurin karatu. Mai shagon da ƙurar hunturu ke shiga ta ko'ina, akwatin Fangling F2100B ya fi masa sauƙi: ba kwamfuta, ka sa zane a filashi ka danna. Kowacce ka ɗauka, haɗa da na'urar daidaita tsayin kai, THC, domin siririn faranti yana bankarewa da zafi, in kai bai bi shi sama da ƙasa ba zai yi karo. Manhajar SheetCam ta isa wajen mayar da zane umarnin yanka.

Girman tebur ya ɗauki cikakken faranti, ƙafa 4 da ƙafa 8, da ɗan rara. Wajen tura kan yanka, sanda mai haƙora da giya ta fi bel, wanda ke miƙewa, ta kuma fi dogon sukuru, wanda ƙurar ƙarfe ke kashewa. Motocin NEMA 23 sun wadatar, biyu a dogon gefe. Ka yi masa kwamin ruwa a ƙasa, huhunka zai gode maka.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don jabu ya fi na gaske yawa a wannan harka. Na farko amfiyar ƙarya: a rubuta 60 a jiki, allon gaba ma ya nuna 60, abin da ke fita bai kai ba. Je da mitar maƙalawa mai auna DC, ka maƙala a wayar da ake kamawa a jikin ƙarfe, a yi yanka a gabanka. Mai kayan da ya ce ba a gwaji, ka yi masa sallama. Na biyu, a ce maka "ai wannan ba HF ba ne". A kashe injin, a kwance bakin, ka danna ilektirod da yatsa: na blowback yana shigewa ya dawo kamar mai sifirin. In kuwa an danna kunama ka ji ƙarar zzz daga cikin akwati, HF ne ko da an rantse maka.

Kayan bakin kan yanka, wato ilektirod da nozul, su ne suka fi ci mini tuwo a ƙwarya. A tsakiyar ilektirod akwai ɗan ɗigon ƙarfe mai suna hafniyom, shi ke jure wutar. Na jabu ɗigon ƙarami ne ko ba a dasa shi da kyau ba. Na taɓa sayen fakitin ilektirod a wajen wani mai shago, kwali da lamba 220842 duk sun yi kama da na asali. Na farko bai yi rabin faranti ba ɗigon ya fice, wuta ta koma kore, ta cinye nozul, ta lasa har cikin kan yankan, wanda kuɗinsa ya ninka na fakitin sau da yawa. Da na koma, cewa ya yi iskata ce ke da ruwa. Tun daga ranar nake duba rubutun jikin kowane ɗaya, da santsin zaren, da ramin nozul a hasken rana ko da'ira ce cikakkiya, kuma na daina sayen wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na dila nesa ba kusa ba. Na gasken ma ka cire shi da zarar ramin tsakiyarsa ya kai milimita ɗaya da rabi.

Haka direbobin mota, wato akwatunan da ke juya motocin tebur, masu lamba DM556, an kwaikwayi na Leadshine har ba a iya ƙirgawa. Haka layin dogon da kan yanka ke zamewa a kai mai tambarin HIWIN, ka tura abin da ke gudu a kansa da hannu, in ka ji yana ƙartar yashi ka ajiye. Faifan Mach3 da ake haɗo maka "kyauta" a kwali kuwa lasisin sata ne, kuma ta gwaji layi 500 kawai take karantawa ta tsaya, furen ƙofa ɗaya ya fi haka. Injin na hannu da aka yi wa sabon fenti, ka sa a buɗe murfin ka shinshina, ka haska allon da tocila ka nemi tabon ƙuna da sabon dalma, sannan ka ɗauki hoton lambar jikinsa ka tura wa dilan kamfanin kafin ka tura ko sisi.