Magana Jari Ce: abin da na gani bayan wata biyu ina karanta wa yarana

Na sayi littattafan nan uku na Magana Jari Ce a hutun da ya wuce, saboda ɗana na fari ya soma sabawa da ƙarya, irin ta "ba ni ba ne" alhali man miya na bakinsa. Faɗa ya ƙi ci, sai na ce bari in gwada Alhaji Abubakar Imam, marubucin littattafan. Kullum bayan sallar isha'i nakan karanta musu labari ɗaya.

Hausar kam ba a magana. Littafin da ya soma fitowa tun 1937 a Zariya, amma yaro ɗan shekara 9 yana bin sa ba tare da na tsaya fassara ba, sai 'yan kalmomin sarauta da na yaƙi.

Waziri ne ya fi kama su. Mutumin da Sarki Abdurrahman ya amince wa, ya bar masa gari, shi ne yake ƙulla yadda za a fitar da Musa, ɗan Sarkin, daga gida a hallaka shi, aku kuwa yana tsare yaron da labarai dare bayan dare. Ranar da asirin Waziri ya tonu har aka naɗa aku a gurbinsa, yaran nan tafi suka yi. Na ji daɗi, don sun gane da kansu cewa cin amana ya fi ƙaryar baki muni.

Inda na daɗe ina tunani shi ne labarin Kalala da Kalalatu. Kalalatu, matar Kalala, ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da mijinta ke wasawa har ya ruga, sannan ta ce wa mijin baƙo ne ya gudu da kajin. Yarana sun yi dariya har da hawaye. Sai 'yata ta ce, "Baba, to baƙon me ya yi?" Wallahi tambayar ta shige ni. Nan na ajiye littafin, muka yi kusan rabin sa'a muna maganar bawan Allah da ya tafi da yunwa da tsoro, ga sunan ɓarawo a kansa. Wannan hirar ta fi kowace amfani. Don haka ban ba da shawarar a miƙa wa ƙaramin yaro littafin a tafi ba. A zauna da shi.

Ƙorafina ɗaya ne. Mai shagon ya rantse mini bugun asali ne, amma littafi na biyu wasu shafukansa sun dushe, lanƙwasar ƙ da ɗ ba ta fita, bangon kuma ya saki cikin mako uku. Duk wanda zai saya ya buɗe tsakiya ya duba kafin ya biya.