Da kyamara aka ciro min jijiyar ƙafa lokacin aikin zuciyata

Wata biyar kenan da aka yi min aikin baifas na zuciya a Indiya, wato a ɗinka wata jijiya jini ya riƙa bi ta kewaye wajen da ya toshe, hanyoyin jini uku ne suka toshe, kuma tunda na dawo duk wanda ya zo dubiya ƙirji yake tambaya, alhali ni ƙafar ce ta fi tayar min da hankali kafin a shiga da ni. Shekara 12 ina fama da ciwon suga, ko ƙaya ce ta soke ni sai an daɗe ana jinya. Gashi na ga na yayana da idona, shi tsaga masa ƙafa akai tun daga idon sawu har cinya don a ciro jijiyar da ake ɗinkawa a zuciya, ƙirjin ya warke lafiya lau amma ƙafar nan ta yi ta ruwa kusan wata uku kullum wankin ciwo.

Ni kuwa ɗan yanka akai min ta gefen gwiwa na ciki bai wuce santimita 3 ba, suka zura siririn bututu mai kyamara suna hura iskar kabon dayoksaid don wajen ya buɗe, suna kallo a allo har suka zaro jijiyar, sai wani ɗan huji can sama a cinya shikenan.

Ba wai babu wahala ba fa. Cinyar ta yi baƙi ta tara jini kusan sati biyu, ƙafar na kumbura da yamma dole na riƙa sa safar nan mai matsewa ga zafi, kuma har yau akwai wajen da nake ji kamar ba jikina ba kusa da ƙwauri. Kuɗin ma an ƙara.

Ɗana ya karanta cewa wani bincike na 2009 ya nuna jijiyar da aka ciro haka ta fi saurin toshewa, wallahi ban yi barci ba ranar. Da muka tambayi likitan ya ce gaskiya ne an yi wannan maganar, amma an sake gwadawa a Amurka kan tsofaffin sojoji sama da 1,000, sakamakon ya fito a 2019, ba a ga bambanci a lafiyar zuciyar ba, ciwon ƙafa ne ma ya ragu, sai dai ƙwararru ne suka yi aikin. Don haka in za ai maka, ka tambaya wa zai ciro jijiyar, sau nawa ya taɓa yi, musamman in kana da suga.

Sati na uku na daina tsoron ruwa ya taɓa wajen in ina alwala, yanzu har zaman tahiya ina yi a ƙasa Alhamdulillah.