Ido ko DNA: wanne ya fi raba jinsin ƙaguwar katantanwa?

Ƙanwata daga Marwa, kin tambaya: idan ƙaguwa biyu masu zama cikin bawon katantanwa sun yi kama kamar an tsaga kara, duba jiki za a yi ko gwajin DNA? Mu nan Garwa ƙaguwar Binuwai muka sani. Wannan ta bakin teku ce, sai an gangara Kiribi ko Limbe, ita ce malamanmu ke kira bernard-l'ermite.

Duba jiki shi ne na farko, kuma ba ya cin kuɗi. A zaro ta daga bawon, cikinta mai laushi ya fito a murɗe, a sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma. Hannun damƙa kaɗai kan raba dangi: na gidan Paguridae hannun dama ne babba, na Diogenidae kuwa galibi hagu ne, ko biyun su zo daidai. Sai tsawon sandar ido, ƙayoyi da gashin ƙafa. Matsalar launi ce. Ki jefa ta cikin kwalbar sifirit, bayan wani lokaci zanen ƙafarta ya koɗe, alhali wani jinsin a zanen nan kawai ya bambanta. Shi ya sa ake ɗaukar hotonta tun tana da rai.

DNA ba ruwansa da koɗewa. Ɗan naman ƙafa ya isa, a karanta wani guntun DNA da ake kira COI, mai haruffa kusan 650, a gwada shi da na jinsunan da aka riga aka ajiye da sunayensu a rumbun intanet, hanyar da Paul Hebert na Kanada ya gabatar a 2003. Da taimakonta aka tabbatar a 2014 cewa abin da ake kira Clibanarius vittatus jinsi biyu ne: na gaɓar Amurka ya riƙe sunan, na Barazil ya koma Clibanarius symmetricus. Da aka sake duban ƙafafunsu, ashe zanen ma ba ɗaya ba ne.

Amma kada ki ɗauke shi alƙali. COI ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, don haka in jinsi biyu sun yi barbara zai iya ruɗa ki. Kuma in wanda ya fara ajiye bayanin a rumbun intanet ya yi kuskuren suna, ke ma kin gaje shi.

Ni dai in ni ce ke, da ido zan fara, in rubuta abin da na gani, sannan in tura naman waɗanda suka gagare ni ɗakin gwaji. Sauran jikin kuma ya zauna cikin kwalba da lambarsa.