Faiba daga gida zuwa shago: TP-Link MC220L bayan damina biyu

Jama'a bari in faɗi abin da na gani da idona, don na san akwai masu irin matsalata. Intanet ɗinmu yana gidan Alhaji, ni kuma shagona na buga takardu da rijistar ɗalibai yana can bakin titi, tazarar ta kai mita 170. Mai aikin farko da na kira waya kawai ya ja, Cat6, ya bi da ita ta saman katanga ya ɗaure da ƙusa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kuma wallahi ko sati ba a yi ba ta fara yankewa, yanzu ta kawo anjima ta ɗauke ga kwastoma zaune yana jira a tura masa takarda. Da damina ta zo aka yi wata tsawa da daddare, da safe suwic ɗin shago, wato akwatin da ke raba intanet ga kwamfutoci, ya ƙone, ramin da ake jona waya a jikin rauta na gida ma ya mutu.

Injiniya na biyu ne ya zaunar da ni ya ce malam wannan wayar iyakarta mita 100 ce, in ta wuce haka sa'a kawai kake ci. Ya sa reza ya kankare silin guda sai ga fari a ciki, ashe alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, irin wadda ake cewa CCA. Ya ce ko da mai kyau ce ma, jan ƙarfe tsakanin gini biyu hanya ce ka buɗe wa tsawa, faiba kuwa gilashi ne, haske ke bi ta ciki ba wuta ba.

Haka muka koma faiba, muka sayi MC220L, na'urar da ke haɗa faiba da wayar intanet ta yau da kullum, guda biyu, ɗaya gida ɗaya shago. Akwati ne ƙarami baƙi, babu wani saiti, ka jona kawai fitilu su kama. Abin da ya ɓata min rai shi ne ba ya zuwa da SFP a kwali, wato ɗan ƙaramin abin da ake cusawa a jikinsa a jona faibar, sai ka saya daban kuma dole na gefe biyun su dace da juna da irin faibar, mu singil mod muka sa. Sannan kowanne yana son wutarsa, in an ɗauke a gida ni ma na zauna, sai da muka ɗora na gidan a kan inbata.

Haƙan ramin ne ya ci kuɗi da gumi gaskiya, bututun PVC muka binne saboda ɓeraye da masu faskare, kuma injiniyan ya yi ta jan kunnen yaran kada su lanƙwasa faibar a kwana. Damina biyu ke nan, an yi tsawar da ta fi ta wancan daren, ban sake sayen suwic ba. MC220L kam zan iya sake sayensa ko gobe, har maƙwabcina mai kemis na ba lambar injiniyan.