Tukunyar ƙasa, bokitin fenti ko buhu: a ina za ki shuka na'ana'arki?

A Gombe, kafin ki tambayi kuɗin tukunya, fara lissafa jarka nawa kike saya wurin masu kura a rana. Ruwa ne zai zaɓa miki mazubi, shi da zafin Maris da Afrilu da kan kai digiri 40.

Tukunyar ƙasa ita ce ta fi kwanta min a rai. Tana tsattsafo kamar randa, saiwa na shan sanyi, kuma ko kin cika ban ruwa ba ta bari ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ɗaɗɗoya tana jin daɗinta ƙwarai. Illarta ɗaya: da bazara sai an ba ta ruwa safe da yamma, in kika yi sake kwana biyu ganye ya yi yaushi. Wurin saye ki ƙwanƙwasa ta da yatsa. Mai ƙara garau ta gasu, wadda ta yi sauti a dishe akwai tsaga a jikinta. Ki tabbata an huda gindinta.

Wadda ke sayen ruwa, bokitin fenti mai lita 20 ya fi mata. Ki wanke shi tas, ki huda ƙasansa wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi. Yana riƙe laima, abin da na'ana'a ke so ke nan, ga shi yana hana ta yaɗo ta mamaye maƙwabtanta. Amma farin bokiti, don Allah. Na taɓa shuka ta a baƙar roba na ajiye kan siminti a tsakar gida. Cikin mako guda ta bushe, da na tona sai na tarar saiwar ta yi laushi kamar an sulala. Har yau abin yana ba ni takaici.

Buhu kuwa arha ce kawai. Rana na cinye shi, da wuya ya wuce shekara.

Sai batun iri ko dashe. Kada ki ɓata kuɗi kan irin na'ana'a na cikin fakiti. Ki zaɓi reshe mai ƙwari daga ƙullin da kika saya na shayi, ki tsinke ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa, kafin mako biyu za ki ga fararen saiwoyi. Ɗaɗɗoya ma tana kamawa haka. Lansir ne sai da iri: a watsa a tsohon baho mai faɗi lokacin hunturu, mako biyu zuwa uku kin fara yanka na kwaɗo. Lawashi ko, gindin albasa kawai yake nema. In dashe za ki saya, a cikin gari ko wajen masu lambu na Dadin Kowa, ki juya bayan ganyen ki duba, nan ƙananan ƙwari ke laɓewa.

Wurin haɗa ƙasar shuka, ƙasa ta zama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, taki kashi ɗaya. Kashin shanu ko na awaki da ya daɗe ya ruɓe ya fi. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Ki ajiye shukokin inda hantsi ke sauka amma inuwar katanga ta rufe su bayan azahar, a kan bulo, nesa da bakin akuya.